Kabarin Inna a Gonar Baba Ayuba

Ranar Laraba ce, ƙarshen damina. An ɗan yi yayyafi kafin gari ya waye, ƙasa ta kwanta, iska ta yi sanyi. Na shimfiɗa tamfol a ƙofar shagona, na fito da kwanon awo da basilla. Sabon gero ya fara shigowa. Dawa kuwa tana tsaye a gonaki, ta fi mutum tsayi, ta fitar da kai amma ba ta nuna ba.

Sunana Iliya. Hatsi nake saye kwano-kwano a hannun mutanen ƙauye, in ɗura a buhu, in kai Ɗambatta in sayar. Da jakin aro na fara, har na kai ga shago da babur da shanun huɗa. Ƙauyenmu yana ƙasar Shanono. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu akwai masu lallaɓawa su duba gona. Mu Hausawa ne, Kiristoci tun zamanin kakana. Gidajenmu a gefe ɗaya, na Musulmi a ɗaya gefen, rijiya ɗaya muke sha.

Matata Rahila ta fita da yara tun da sassafe, roron wake a gonarmu ta gabas. Mahaifiyata, Inna Hannatu, ita kaɗai ta rage a gida, tana shanya kuɓewa a kan tabarma. Ta leƙo ta kan danga ta ga wata mata tana zuba mini gero. Ta ce wa matar, "Ki sa ido, kwanon nan nasa ya fi rijiya zurfi." Matar ta yi dariya. Na ce, "Inna, kasuwa za ki kashe mini." Ta ce ita ba ta ga kasuwa ba, tamfol ta gani. Ta koma kan kuɓewarta.

Da hantsi zabi suka fara kuka a bayan gari, ba tsayawa. Sai karnuka. Bayansu na ji ƙarar babura daga yamma, ƙara mai kauri kamar an tada injinan niƙa a lokaci ɗaya. Ba ranar kasuwa ba ce, ba a kuma biki. Matar da ke gabana ta daina zuba gero. Muka kalli juna.

Harbin farko daga wajen rijiya ya fito.

Mun sha jin labarin 'yan bindiga daga ƙetaren iyakar Katsina. Mun ɗauka abin na can ne. Ban taɓa ganinsu ba sai ranar. Uku-uku suke a kan babur, fuska a rufe da rawani.

"Kowa ya kwanta!"

"Ina shanun?"

"Ina mai hatsin? A fito da mai hatsin!"

Mai hatsi ɗaya ne a ƙauyen. Na san abin da ake yi da irina. A ɗaure mutum a daji, a kira iyalinsa a waya, a sayar da gona a sayar da gida, wani lokaci ko gawar ba a samu. Ban shiga gida ba, don kada in ja su ciki. Na bi ta bayan shago, na tsallake danga, na faɗa cikin dawa. Na kwanta tsakanin kunyoyi, bakina a ƙasa mai laima.

Daga nan kunne ne ya yi mini aiki. Na ji an ɓalle ƙofar shago. Na ji ana jan buhuna. Na ji ana kora shanuna, na san kukan babban. Na ji an tada baburina, yana da wani tari da yake yi kafin ya kama. Wata mata tana kiran sunan ɗanta, tana kira, tana kira, sai ta daina. Aka yi harbi a jere ta wajen gidanmu, kamar ana watsa tsakuwa a rufin kwano. Hayaƙin jinka ya fara shigowa cikin dawar. Sannan wani ya ɗaga murya.

"Za mu dawo! Wanda muka tarar, shi ya so!"

Ƙarar baburan ta yi nisa, ta ɓace. Zabin ba su daina ba.

Na tarar da Inna zaune ta jingina da rumbu, ƙafafu a miƙe, kamar mai hutawa. Harsashi ya ratso zana ya same ta a kwiɓi. Ba ita aka nufa ba. Ba na jin ma sun san tana wurin. Ta danne wajen da hannu, jini yana bi ta tsakanin yatsunta. Ta dube ni daga kai har ƙafa, ta ga ba rauni a jikina. Ta ce, "Kwance awakin nan, kada su mutu a turke." Na kwance su. Na yaga rigata na ɗaure mata ciki.

Babu babur, babu shanu, waya ta tafi tare da tamfol. Hanyar motar da ke kai mutum asibitin Shanono ita baburan suka bi, ba wanda ya yarda ya taka ta. Kowa ya yi gabas, ta hanyar ƙafa, wajen Bagwai. Abin da ya rage mai taya a gidana baro ne, wanda nake tura buhu da shi. Na shimfiɗa buhunan wofi a ciki, na ɗauki Inna na kwantar. Ba ta kai nauyin rabin buhun gero ba.

A gonar gabas na sami Rahila da yara kwance cikin wake. Ta ga baron, ta ga abin da ke ciki. Ba ta yi kururuwa ba. Ta goya ƙaramin, ta riƙe hannun babbar, ta shiga gaba tana buɗe mini kara.

Hanyar ƙanƙanuwa ce, taya tana nutsewa a laka. Mutane a gaba, mutane a baya. Mai tabarma, mai akuya a kafaɗa, mai keken ɗinki a kai. Ƙugin tayar baron kaɗai ake ji, da tarin wani tsoho. Wani maƙwabcinmu Musulmi ya kama mini hannun baro ɗaya, muka tsallake wani kwari tare, sannan ya saki ya ratse zuwa ƙauyen surukansa. Ko sallama ba mu yi ba.

Rana ta take tsaka muka tsaya gindin wata ɗorawa. Inna ta nemi ruwa, Rahila ta jiƙa mata leɓe. Ta ce a yi mata addu'a. Na buɗe baki, ban sami komai a ciki ba. Rahila ce ta yi. Da ta ce cikin sunan Yesu, Inna ta ce amin a fili, har na kusa suka ji. Na ɗaga baro muka ci gaba.

Ana kiran sallar azahar a wani ƙauye da ba mu hango ba, sai Rahila ta juyo ta dafa hannuna. Ta ce, "Tsaya." Ban san lokacin da abin ya faru ba. Ina ta turawa, ina kauce wa ramuka don kada ta ji zafi.

Rahila ta rufe mata ido. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure mata haɓa, ta lulluɓe ta da zanen goyo. Wani daga cikin masu wucewa ya ce, "Ku binne ta nan, bawan Allah, ku tsira da masu rai." Na duba dama, na duba hagu. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ɗauka akwai fili. Babu. Inda gonar wani ta ƙare, nan ta wani ta fara, tsakaninsu tushen gamba ne kawai. Ko inuwar ɗorawar da muka tsaya tana da mai ita. Mu a ƙauyenmu kowane gida a gonar gado yake binne nasa, babana yana can bayan gida. Komawa ba ta yiwuwa. Ba zan kuma haƙa gonar wanda ban sani ba in gudu, gobe ya zo da garma. Na ɗaga baro.

Da la'asar muka fito titi. Na roƙi waya a hannun wani mai faci, na kira Alhaji Sabo, abokin cinikina a Bagwai. Mun daɗe muna haɗa mota zuwa Ɗambatta da shi. Na ce, "Alhaji, ina bakin titi da gawar mahaifiyata." Bai tambaye ni komai ba sai inda nake. Ya zo da a-kori-kurarsa. Ya sauko, ya cire hula, ya ce, "Innalillahi. Sannu, Iliya." Shi ya kama ƙafafu, na kama kai. Baron ma ya ce a ɗora.

Ya ajiye mu a zaurensa ya tafi wajen mai unguwa da liman. Bai daɗe ba ya dawo, tun daga tafiyarsa na gane. Maƙabartar garin ta Musulmi ce, ba su da ikon sa wani. Liman ya aiko da ta'aziyya. Ban ji haushi ba. Da a ƙauyenmu ne ma haka za a yi, kowa da inda yake kwantar da nasa. Saura birnin Kano. Can kuwa gawar harbi sai an bi ta hannun hukuma, a bi ta asibiti, a jira. Ni kuwa na san zafin ƙarshen damina, na san abin da yake yi wa duk abin da ke da laima. Inna ba ta da kwanakin jira.

Alhaji ya ce akwai wani ƙauye a gaba kaɗan inda yake sayen gyaɗa, akwai Kiristoci a can da ɗan cocinsu. Ya ce, "Ban san me za su ce ba. Amma naku ne." Muka sake ɗora ta a mota.

Rana tana shirin faɗuwa muka isa. Cocin na ƙasa ne da rufin kwano, bai fi shagona biyu ba. Gidajen Kiristan ba su da yawa. Faston saurayi ne, sunansa Bitrus, ya fito da rigar gona a jikinsa. Na fara ba shi labari daga farko, ya ce, "Bari tukuna, Yayana. Zauna." Kafin in zauna matan zumuntar cocin sun kewaye motar. Ba su tambayi sunanmu ba. Suka ɗauki Inna suka shige da ita bayan coci, Rahila ta bi su. Suka wanke ta. Suka zuba jiƙaƙƙen yashi a ƙasa don sanyi, suka shimfiɗa ganyen darbejiya, suka kwantar da ita a kai. Wata ta kwashe yarana ta kai gidanta. Wata ta ajiye mini ƙwaryar kunu, ta tsaya a kaina har na sha.

Daga baya fasto ya gaya mini gaskiya. Cocin ba shi da maƙabarta. Filinsa daga bango ne zuwa bango, kuma da sharaɗi aka ba su, ba kabari a ciki. Su ma kamar mu suke yi, kowane gida a gonarsa. Baƙo bai taɓa mutuwa a hannunsu ba. Ya ce, "Ni ko taku ɗaya na ƙasa ba ni da shi a garin nan, da ban bari ka ji wannan maganar ba. Gobe bayan addu'ar safe zan sa ta a gaban jama'a."

Na sha zama shaida a cinikin gona, na san abin da kabari yake yi wa ƙasa. Gonar da ke da kabarin baƙo mai saye ba ya waiwayarta. Kunyoyin da ya ci sun tafi ke nan. Dangin mamaci kuma sun sami hanya ta cikin shukarka har abada, ba ka isa ka hana su ba. Ranar rabon gado, wanda kusurwar ta faɗa wa shi aka cuta. Saboda haka ban roƙi kowa ba. Na san girman abin.

Da safe aka buga ƙarfen coci. Maza a gefe, mata a gefe. Aka yi addu'a. Daga inda nake zaune, in iska ta juyo ta taga, hancina yana gaya mini abin da na ji tsoro ya fara. Na tabbata kowa yana ji. Fasto ya miƙe ya ce, "Muna da baƙuwa a bayan ɗakin nan. 'Yar'uwarmu ce cikin Ubangiji. Ba za ta kai yamma a sama ba. Ni ba ni da ƙasa."

Ya zauna.

Wani ya ce tasa gonar jingina ce a hannun wani. Wani ya ce tasa aro ce. Wani ya ce tasa fadama ce, in aka haƙa kamu biyu ruwa ne. Na dubi fuskokinsu. Na iya gane mai ƙarya, sana'ata ce. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Sauran suka sunkuyar da kai suna kallon ƙafafunsu, ban kuma ga laifinsu ba.

Wani tsoho a bencin gaba ya dogara sanda ya tashi. Baba Ayuba ake ce masa, dattijon cocin, shi ne mai gyaɗar da Alhaji yake saye. Ya ce, "Ku ɗauko adda da shebur. Kusurwar arewa, wajen tsamiya. Ƙasar can tana da ƙarfi."

Wani mutum a bayansa, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, ya ce, "Baba, dawa ce a tsaye a wurin."

"Na gani. Ni na shuka."

"Kuma gefen nan ka ce nawa ne."

"Na ce, Markus. Ka ga na mutu ne?"

Wasu suka yi 'yar dariya, suka haɗiye. Markus bai yi ba. Ɗansa ne babba, mai iyali da yawa. Ya tashi ya fita, ya bar takalminsa a bakin ƙofa.

A waje na ja tsohon gefe. Na yi abin da na iya. Na ce, "Baba, ka sayar mini da kusurwar. Yau ba ni da komai, amma Alhaji zai tsaya mini. Ka faɗi abin da zai kwantar wa ɗanka da rai." Tunanina shi ne, abin da aka saya ba mai tayar da shi.

Ya dube ni ta ƙasan ido. Ya ce, "An ce mini ɗan kasuwa ne kai."

Na ce haka ne.

"To saurara, ɗan kasuwa. In na sayar maka, wurin naka ne. Gobe ka koma garinku, jibi ka mutu, ɗanka ya matsu, ya sayar wa wanda ya ga dama, da uwarka a ciki. In na ba Ubangiji a gaban jama'a, ba shi da mai shi, balle a sayar. Wanne ka zaɓa mata?"

Na juya maganar yadda nake juya ciniki, ban ga ɓaraka ba sai guda. Na ce, "Markus fa, bayan ranka?"

Ya ce nan maganar take. A garin, in mutum ya ba da ƙasa don Allah, ba takarda ake yi ba. Gamba ake dasawa a kewaye, kowane mai gida tushe ɗaya, shi ne shaidarsa. Amma tushen farko magaji ne yake dasawa da hannunsa. In bai dasa ba, kyautar iyakarta ran mai bayarwa. Na ce, "In ya ƙi fa?" Ya ce, "Mu je mu haƙa tukuna. Uwarka ba za ta jira Markus ba."

Aka sare dawar. Ɗanya ce shar, ƙwayar ko tauri ba ta yi ba. Na ga kawunan suna faɗuwa, na san abin da za su zama da an ba su wata guda. Na miƙa hannu zan karɓi shebur, wani ya janye. Ya ce, "Ɗa ba ya haƙa wa uwarsa. Koma inuwa." Ba mai sayar da katako a ƙauyen. Fasto ya sa aka fito da benci biyu daga coci, wani mai ɗan sanin kafinta ya ɓalle su ya haɗa akwati. Ina zaune gindin tsamiya ina jin bugun ƙusa daga can, da saran ƙasa daga nan. Alhaji Sabo ya dawo da farin yadi sabo, ya miƙa wa mata, ya koma bakin gona ya tsaya.

Rana ta ɗaga aka kawo ta. Mata a gaba suna waƙa, suna buga tulu da tafin hannu, a hankali. Fasto ya karanta Maganar Allah, bai ja ba. Ya ce bai san ta ba, amma Ubangiji ya san ta, ya kuma san hanyar da ta biyo. Ya tambaye ni sunanta, ya faɗa da ƙarfi don kowa ya riƙe. Aka saukar da ita da igiyar rijiya. Na zuba ƙasa ta farko. Rahila ta zuba. Matasa suka cike.

Aka kawo gamba a kwando, an tono ta da saiwarta. Masu gida suka ɗauki ɗaya-ɗaya. Baba Ayuba ya ɗauki tushe ɗaya ya riƙe, bai dasa ba, bai kuma ce wa kowa ya dasa ba. Ya tsaya da sandarsa a rana. Muka tsaya. Mata suka kai ƙarshen waƙa suka ɗauko wata. Gumi yana bin wuyan tsohon. Wani ya kawo masa kujera, ya ƙi. Ba a aika kowa kiran Markus ba. Ina kallon tudun jan ƙasar, ina ganin garma tana hawa kansa wata damina, ni ina wani gari.

Ta cikin dawa ya fito, ba ta hanya ba. Ƙafa ba takalmi, fartanya a kafaɗa. Bai kalli ubansa ba. Ya zo gabana ya ce, "Matata ce ta wanke ta. Ta ce a baro ka turo ta."

Na ce e.

"Tun daga ƙasar Shanono?"

Na ce e.

Ya zagaya kabarin yana auna wurin da ido. Ya ce, "Baba, iyakar nan taka a karkace take. Nan shanu suke juyawa. In aka dasa a nan, bakin garma sai ya ci gefen." Ya matsa baya, ya ƙara kunya ɗaya cikin abin da za a bari, ya sare karan da ke kai da kansa. Ya karɓi gambar daga hannun tsohon, ya sara ƙasa, ya dasa, ya take da diddige. Ya ce mini, "Sannu da haƙuri." Ya ɗauki fartanyarsa ya koma ta inda ya fito.

Sauran suka dasa nasu. Baba Ayuba ya nemi kujerar nan.

Mun zauna a ƙauyen har aka yi mana zaman makoki yadda ake yi wa ɗan gari. Kullum da hantsi mata suna zuwa su zauna da Rahila, wani lokaci tsintar wake kawai suke yi tare. Ranar Lahadi aka ajiye kwando a bakin coci, kowane gida ya zuba abin da ya samu, aka kawo mana. Ni da na saba tsayawa a bayan kwanon awo, na tsaya a gabansa na buɗe buhu. Na ce na gode. Addu'a ta daɗe ba ta dawo bakina ba. Fasto bai matsa mini ba. Ya ce in zauna a cikinsu kawai, za su yi, in ce amin. Haka na yi ta yi har ta dawo da kanta, gajeriya.

Yanzu muna haya a Bagwai. Ina bin motar Alhaji, ina saye ina sayarwa, kaɗan-kaɗan. Sau ɗaya na koma ƙauyenmu, da rana, ban zauna ba. Rufin shago ya tafi. Rumbu yana nan, ba komai a ciki. Mutanen da 'yan bindigar suka kwashe ranar, wasu sun dawo, wasu har yau.

Baba Ayuba ya rasu da bazara. Da ruwa ya sauka na je, ban gaya wa kowa zan je ba. Na tarar Markus ya yi huɗa. Kunyoyin sun taho a miƙe daga kudu, da suka iso gambar suka tsaya. Gambar ta kama duka, ta yi kore. Na daɗe a tsaye. Na gaji ƙwarai, na zauna a ƙasa.

Markus ya rasa kunya biyar, kowace shekara kuma zai sake rasa su. A cocin, yara a tabarma suke zama, ba a mayar da bencin ba tukuna.

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, don kunya irin ta iyayenmu. Tun ina yaro, in tana nemana, sai ta ce, "Kai, wannan." A ƙauye, a kasuwa, a cikin taro, in na ji haka na san da ni ake. Yanzu kowa Iliya yake ce mini.